Hadarin Agusta a Kan Gonar Disamba

Bara bayan kaka, ƙanena ya bi mu ƙauye da sabuwar kyamararsa. Da la'asar ya ɗauki Kawu a gonarsa. An riga an yanke dawa, an tattara kara tuli-tuli, Kawu na tsaye da rigar sanyi a ƙarƙashin jamfarsa. Hunturu ya kankama, hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen gonar, sama kuwa fari fat kamar an shimfiɗa alawayyo. Bayan kwana biyu sai ga shi da hoton a waya yana nuna wa mutanen gida. Gonar dai ita ce, Kawu ma shi ne, amma a samansa hadari ne baƙi ƙirin ya haɗo, rana ta tsaga shi da wani jan haske mai ɗaukar ido.

Kawu ya karɓi wayar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Kai, wannan gonar wa ce?"

"Taka ce mana, Kawu."

"Gonata dai na gani. Amma yaushe aka yi wannan hadarin ban sani ba? Kara a yanke, ni da rigar sanyi, ga hadarin marka a kaina. Kuma ta yamma ya taso. Tunda uwarka ta haife ka, ba ta gabas ka saba ganin hadarinmu ba?"

Ƙanena ya ce gyara ne kawai, kowa ma yana yi. Kawu ya miƙa masa wayar ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma kada ka ce wa mutane ranar ce."

Kawu bai taɓa riƙe kyamara ba, amma a 'yan kalmomin nan ya taɓo gardamar da masu hoto na duniya suka daɗe suna yi, wadda ta ƙara zafi a 'yan shekarun nan: idan mutum ya cire sararin saman da ya tarar ya liƙa wani, abin da ya fito hoto ne har yanzu, ko ya koma zanen kwamfuta?

Abin da ya hura wutar shi ne sauƙi. Photoshop, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, ya fito tun 1990, kuma tun lokacin ana iya sauya sama, sai dai aiki ne na mai haƙuri. Sai ka zauna kana bin gefen kowane ganye, kowace wayar lantarki, kowane gashin kai, kana yankewa da hannu, wani lokaci ka kwana a kan hoto ɗaya. A 2019 kamfanin Skylum ya fitar da Luminar 4 da maɓallin da ke yin wannan aiki cikin daƙiƙoƙi. A watan Oktoba na 2020 Adobe ya saka irinsa a Photoshop. Yanzu har wasu wayoyin hannu suna zuwa da shi a cikin ma'ajiyar hotunansu. Manhajar tana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta gane ina ne sama ina ne ƙasa, ta shata iyaka, ta ɗora sabon gajimare daga rumbun da aka tanada mata. Ba ta tsaya nan ba. Takan sake wa ƙasan launi don ya dace da sabon saman, idan faɗuwar rana ka zaɓa sai ta shafa wa bango da fuskoki ɗan ja-ja, wasu ma har sukan jefa inuwar gajimaren a cikin ruwa idan akwai tafki a hoton.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya kamata mu tsaya a kai, domin shi ke tona asirin maganar "ai bango kawai na sauya". A hoton waje, sama ba bango ba ce, ita ce fitilar. Daga gare ta kowane haske ya sauko. Ita ta yanke ko inuwar mutum za ta yi kaifi ko ta baje, ta ina za ta faɗi, wane launi ganye zai ba da, ko mutum zai runtse ido ko zai buɗe. Ranar hazo inuwa kusan babu ita, domin ƙura ta tarwatsa hasken ta ko'ina. Ranar da sama ta washe bayan ruwa kuwa, inuwa takan fito kamar an yanka da wuƙa. Kalmar da Turawa ke kiran hoto da ita ma daga Girkanci aka samo ta, ma'anarta rubutu da haske. To wanda ya sauya sama ya sauya alƙalamin da aka yi rubutun da shi, shi ya sa dole manhajar ta koma ta yi wa ƙasan kwaskwarima don kada ƙaryar ta fito fili.

Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Sukan ce ai sauya sama ya girmi Photoshop da fiye da shekara ɗari, kuma gaskiya suka faɗa. A shekarun 1850 sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto yana da saurin kama shuɗin haske fiye da sauran launuka. Kafin ƙasa ta fito sosai, sama ta riga ta ƙone ta zama fara. Wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya nemo mafita a wajajen 1856 zuwa 1857: sai ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, ya ɗauki gajimare a wani, ya haɗa su a takarda ɗaya lokacin wanki. Hotunan tekunsa sun girgiza Faris da Landan, kuma yau suna manyan gidajen adana kayan tarihi ana kiran su hotuna, ba wanda ke kiran su zane. Daga baya ma masu bincike sun lura cewa gajimare guda ya bayyana a hotunansa fiye da ɗaya. Eadweard Muybridge ma, wanda ya ɗauki duwatsun Yosemite a Amurka, yana da tarin gilasan gajimare da yake ɗorawa. Saboda haka duk wanda ya ce maka a da can hoto tsarkakakke ne sai kwamfuta ta zo ta ɓata shi, bai karanta tarihin sana'ar ba.

Na yarda da wannan duka. Sai dai akwai rabin labarin da ba a cika faɗa ba, wato ita ma gardamar tsohuwa ce kamar dabarar. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Frank Hurley yana ɗaukar wa rundunar Ostareliya hotuna a fagen daga kusa da Ypres a Beljiyam. Ya ga cewa gilashi ɗaya ba zai iya nuna tashin hankalin da idonsa ke gani ba, sai ya riƙa haɗa da yawa: sojoji daga nan, fashewar bam daga can, gajimare da hasken rana daga wani wuri. Charles Bean, wanda aka ɗora wa nauyin rubuta tarihin yaƙin, ya ce wannan jabu ne, ya ƙi amincewa. Suka yi ta kai ruwa rana har Hurley ya yi barazanar ajiye aiki. Shi Hurley yana neman ya nuna yadda yaƙi yake a zuciya, shi kuma Bean yana neman abin da jikokin mamatan za su kalla su ce haka wurin yake ranar da kakanmu ya faɗi. Dukkansu suna da gaskiya a kan abin da suke nema, amma ba abu ɗaya suke nema ba, kuma suna ƙoƙarin kiransa da suna ɗaya.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce ta Ansel Adams, babban mai hoton daji da duwatsu na Amurka. Sukan ce ai shi ma yana taɓa hotunansa sosai a ɗakin wanki. Haka ne. Shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a jihar New Mexico, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi ta sake wanke shi tsawon shekaru, kuma a bugun baya-baya ya duhunta saman har ya koma kusan baƙi, alhali a na farko yana da haske. Amma ga abin da ya sa nake ganin wannan misali ya fi ƙarfafa ɓangaren Kawu. Adams bai riƙe ainihin ranar da ya ɗauki hoton ba. Shekaru da yawa bayan haka masana taurari suka duba inda watan yake tsaye a kan duwatsun, suka yi lissafi, suka fitar da cewa ranar 1 ga Nuwamba 1941 ce, da misalin ƙarfe 4:49 na yamma. Duk duhuntawar da ya yi ba ta hana saman faɗin gaskiya ba, domin watan na wannan yammacin ne, a inda Allah ya ajiye shi. Da aro ya yi daga wani dare, da lissafin ya watse. Sama agogo ce, kalanda ce kuma. Abin da masanan suka yi da na'urori shi ne Kawu ya yi da idon manomi.

A nan ne nake ganin iyakar take, ko da yake ba layi ne siriri da za a ja da rula ba. Akwai gyara, akwai ƙari. Kyamara ba ta gani kamar ido. Idonka na iya kallon mutum a inuwar bishiya ya kuma ga gajimaren da ke bayansa a lokaci guda, ita kuwa kyamara sau da yawa sai ta zaɓi ɗaya ta sadaukar da ɗaya. Saboda haka idan mai hoto ya kafa kyamararsa ya ɗauki sau uku a jere, ɗaya don sama, ɗaya don ƙasa, ɗaya tsaka-tsaki, ya haɗa su, bai kawo komai daga waje ba. Cike gurbin raunin na'urarsa ya yi. Wayar da ke aljihunka ma haka take yi duk lokacin da ka danna, ba tare da ta yi maka shawara ba: tana ɗaukar da yawa cikin ƙiftawar ido ta narkar da su wuri ɗaya. Ƙara haske, rage haske, daidaita launi, yanke gefe, duk wannan wanke hoto ne, kamar yadda ake yi tun zamanin fim. Amma ranar da ka ɗauko gajimaren da wani ya ɗauka a wata nahiya, a wata shekara, ka ɗora a kan gonar Kawu, ka fita daga wanki ka shiga haɗi.

Akwai wurare masu wuyar hukunci, ban musa ba. Masu hoton taurari sukan ɗauki ƙasa da magariba tun da sauran haske, su bar kyamarar a inda take, su jira tsakar dare su ɗauki taurari, sannan su haɗa. Wuri ɗaya ne, dare ɗaya ne, amma ba lokaci ɗaya ba. Su kansu ba su daidaita a kan sunan wannan ba, sai dai na lura masu mutunci a cikinsu sukan rubuta a ƙasan hoton yadda suka yi shi, kuma da zarar an rubuta, rigimar ta mutu.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi damuwa da shi. Ni ban ga laifin haɗi ba. Sana'a ce, kuma mai iyawa daban yake da mai danna maɓalli. Mu da muka tashi da hoton situdiyo ma mun san daɗinsa. Wa bai taɓa tsayawa gaban labulen mai hoto ba, wanda aka zana wa Ka'aba, ko jirgin sama, ko lambu mai furanni da gidan bene? A Ghana, Philip Kwame Apagya ya yi suna a duniya da irin waɗannan labulaye, mutum ya tsaya yana miƙa hannu kamar zai buɗe firjin da aka zana cike da kayan daɗi. Ba wanda aka yaudara. Kowa ya san labule ne, sau da yawa ma ana hango gefensa da tabarmar da ke ƙasa. Mai hoto da wanda aka ɗauka da mai kallo duk sun san wasan da ake yi. Matsalar sabon labulen na kwamfuta ita ce an ƙera shi musamman don kada a ga gefensa. Yana cin moriyar amanar da mutane suka ba hoto, amanar da ta sa muke cewa gani ya kori ji, alhali shi bai cika sharaɗin amanar ba.

Harshenmu ma ya riga ya raba gardamar. Hoto "ɗauka" ake yi, wato ka tarar da abu ka ɗauke shi yadda yake. Zane kuwa "yi" ake yi. Wanda ya ce "na ɗauki wannan a Dutsen Dala" yana ba da shaida ne cewa ya hau, ya tsaya, ya gani. Idan rabin abin da ke cikin hoton bai taɓa gani da idonsa ba, shaidar ta samu tangarɗa ko da hoton ya fi na kowa kyau.

Gidajen jarida sun daɗe da gane haka, kuma da tsada suka koya. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza na Masar kusa da juna don su dace da bangonta, ta sha suka har ta kai ana kafa misali da abin shekaru da dama. A watan Agusta na 2006 wani mai ɗaukar wa Reuters hoto, Adnan Hajj, ya ƙara yawan hayaƙin da ke tashi a saman Beirut bayan harin jiragen Isra'ila. Harin gaskiya ne, hayaƙin ma akwai shi, ƙari kawai ya yi. Reuters ta raba gari da shi, ta kuma cire hotunansa sama da 900 daga rumbunta, har da waɗanda ba a same su da komai ba, domin wanda aka kama da ƙari sau ɗaya ya jawo wa sauran aikinsa zargi. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, bayan an gwada su da fayil ɗin asali da kyamara ta ajiye. Su ma masu hoton daji da duwatsu, ganin yadda haɗi ya cika gasanninsu, wasunsu sun kafa Natural Landscape Photography Awards a 2021, inda ake neman fayil ɗin asali kuma ba a karɓar saman aro. Ina ganin sun kyauta. Mutumin da ya yi sammako sau goma yana jiran rana ta fito yadda yake so, sau tara yana komawa gida hannu rabbana, bai kamata a auna shi a sikeli ɗaya da wanda ya samu nasa saman a daƙiƙa biyar ba.

Zanen aro dai ba ya rufe katara. A 2019 mutane suka lura cewa wata 'yar Ajantina mai yawon duniya tana saka hotuna a Instagram, gajimare iri ɗaya sak yana bin ta ƙasa bayan ƙasa. Ta amsa cewa manhaja ce ke saka mata. Abin da ya faru da ita a fili shi ke faruwa da dubban mutane a ɓoye, tunda daga rumbu ɗaya kowa ke ɗiba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda mutum bai ma san an yi masa aron ba. A watan Maris na 2023 wani ya gwada wayar Samsung: ya dusashe hoton wata a fuskar kwamfutarsa har ba a ganin komai sai farin dunƙule, ya kashe fitila, ya koma nesa ya ɗauka da wayar. Sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa, abubuwan da babu su a abin da aka nuna wa kyamarar. Kamfanin ya yi bayani cewa idan wayar ta gane wata ne, tana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara masa bayyana. Mu da azuminmu da sallarmu suka rataya a kan ganin jinjirin wata, wannan ba labarin nesa ba ne. Duk daren 29 ga Sha'aban hotuna kan cika WhatsApp, kowa na cewa ga shi an gani a gari kaza. Hikima ce babba da har yanzu fadar Sarkin Musulmi ke dogara da shaidar mutanen da aka sani aka kuma tantance, domin mutum ana iya tambayarsa ina ka tsaya, ƙarfe nawa, ta ina ya karkata. Kamfanoni ma sun fara komawa ga wannan tunani ta hanyarsu. Akwai tsarin C2PA da Adobe da wasu suka kafa a 2021, wanda ke liƙa wa hoto tarihinsa, wace kyamara ta ɗauka, me aka taɓa a ciki, kuma a 2023 Leica ta fitar da kyamarar farko mai ɗauke da shi. Kafin irin wannan ya iso hannun mai hoton biki a unguwarmu za a daɗe, saboda haka a yanzu abin da muke da shi shi ne bakin mai hoton.

Amsata ga tambayar ke nan: hoton da aka sauya wa sama zane ne na kwamfuta da aka gina da hotuna, kuma sunan da ya dace da shi haɗi. A fosta, a bangon littafi, a katin biki, a tallan da kowa ya san talla ne, a yi shi a ƙawata shi. Amma a labarai, a gasar hoto, a tallan fili ko gidan da mutum zai saka kuɗinsa, ko a duk inda aka rubuta wuri da rana a ƙasa, to a faɗa. Kalma ɗaya ta isa.

Akwai kuma wata asara da ba ta shafi yaudara ba, ita ce ta fi yi mini ciwo. Hazon nan da muke gogewa namu ne. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi, ita ke ba Disambarmu da Janairunmu kamanninsu: rana ta zama farin faifai har kana iya kallonta ido da ido, bishiyoyi su yi ta dusashewa layi bayan layi, masu babur su naɗe fuska da rawani. Rumbun gajimaren da ke cikin manhajojin nan ba a sararinmu aka tara shi ba, kuma a ma'auninsa farin sama aibi ne da ake gyarawa. Idan kowane matashi mai kyamara a Kano da Zariya da Damagaram ya yarda da wannan ma'auni, nan da shekara hamsin jikokinmu za su buɗe hotunanmu su tarar da ƙasar da ba ta taɓa yin hunturu ba.

Daren da za mu baro ƙauye na ce wa ƙanena ya nuna mini na asalin. Ya ɗan yi jinkiri, ya ce ai bai yi kyau ba, saman babu komai. Da ya buɗe muka faɗaɗa shi, sai ga abubuwan da manhajar ta lissafa a cikin sama ta share. Can bayan Kawu akwai tsohuwar kukar da ke kan iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa, ta yi dishi-dishi a cikin hazo, rassanta na sama kamar an zana da toka. Gefe kuma wani siririn hayaƙi na tashi daga inda yara ke gasa gyaɗa a cikin kara.